Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Ilimin Bai Ɗaya Ta Jihar Bauchi: A Bar Gizo Ya Shiga Ajin Turanci

Zuwa ga Shugaban Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jihar Bauchi, da shugabannin kwalejojin ilimi na Azare da Kangere.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya, Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, amin.

Ranku ya daɗe, ni malamar Turanci ce a nan cikin garin Bauchi. Da firamare na fara, yanzu ina ƙaramar sakandare, don haka irin yaran da na sallama daga can su nake tarba a nan, na kuma san abin da suke zuwa da shi da abin da suke zuwa babu. Roƙo ɗaya ya sa na rubuto muku. Ku ba tatsuniyoyinmu gurbi a cikin darasin Turanci, ku kuma ba da izinin a rubuce, yadda malami zai yi abinsa gaba gaɗi, ba sai ya leƙa taga ya tabbatar babu sufeto a kusa ba.

Na san yadda maganar za ta faɗa a kunnen wasu. Yara sun kasa Turanci, maimakon a ƙara musu Turancin sai a kawo musu Gizo da Ƙoƙi? Ku ba ni aron hankalinku.

Ku shiga aji huɗu na firamare ranar da ake auna fahimta. Malami ya rubuta labari a allo, ko an ba yara littafi ɗaya sun haɗa kai a kansa. Labarin na wata yarinya ne da iyayenta suka kai ta hutu bakin teku, ko na bikin sabuwar doya. Babu aibu a cikinsu, 'yan ƙasa ne ma suka rubuta akasarinsu, kuma yaronmu yana buƙatar sanin duniyar da ta wuce unguwarsu. Amma ku dubi abin da aka ɗora masa a lokaci guda. Harshen baƙo, abin da harshen ke magana a kai shi ma baƙo. Tulu biyu ke nan a kan yaron da wuyansa bai yi ƙwari ba. In ya ci karo da kalmar da bai sani ba, ba shi da inda zai dafa ya cinko ma'anarta, tunda bai san abin da ya kamata ya biyo baya a labarin ba. Sai ya koyi dabarar da kowane malamin Turanci ya sani: ya duba tambaya, ya ɗauki kalma ɗaya daga ciki, ya bi labarin da yatsa har ya ga mai kama da ita, ya kwafe jimlar ɗungurungum. Wani lokaci ya dace, a ba shi maki. Da wannan dabara yaro kan kai aji uku na ƙaramar sakandare bai taɓa fahimtar sakin layi ɗaya na Turanci daga farkonsa har ƙarshensa ba. Gaba kuma ga WAEC da NECO suna jiransa, inda in babu kiredit a Turanci to maganar jami'a babu ita, ko da ya cinye sauran darussan tas.

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen gidansu ko na yankinsu, daga baya a koma Turanci, bugun da suka biyo baya suka fayyace cewa shekara uku na farko ake nufi. A watan Nuwamban 2022, lokacin da Malam Adamu Adamu, ɗan Azare, yake ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a kai harshen gida har aji shida. A Nuwamban 2025 kuma aka sanar da soke wannan, aka ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe. Ina da ra'ayina a kan wannan juyi, amma ba shi ya kawo ni ba. Ko wace manufa ce ke ci, yaron da zai zauna gabana ranar Litinin da safe shi ne dai wanda ya tashi da Hausa ko Fulatanci ko Jaranci a bakinsa, kuma babu mai yi masa Turanci a gida. In har da Turanci za a koya masa lissafi da kimiyya, to neman hanyar da Turancin zai zauna masa ya zama dole fiye da da.

Kuma gina Turanci a kan abin da yaro ya zo da shi daga gida ba sabon tunani ba ne. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu da aka juya zuwa Turanci tun aji huɗu ba, har a jarrabawar Turancin kanta. Nan gida ma shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, a kan haka ya tsayu: yaro ya iya karatu da Hausa, sannan ya haura da wannan iyawa zuwa Turanci. Malamanmu da yawa sun halarci bitarsa. Abin da nake roƙo ɗori ne a kan wancan.

Gani ya kori ji, bari in kai ku cikin aji.

Kun san tatsuniyar Gizo da hankaki. An yi yunwa, hankaki suna zuwa wani ɓaure da ke tsakiyar kogi suna cika cikinsu. Gizo ya gano, ya yi ta naci har kowane hankaka ya cire masa gashi ɗaya aka liƙa masa, ya tashi tare da su. Da aka isa, duk ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce nasa ne, shi ya riga gani. Suka gaji, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan itace, ruwa gaba ruwa baya. Ya faɗa kogi, ya tsinci kansa a gidan kada, ya ce shi ɗan'uwansu ne da ya daɗe da ɓata, suka yi masa masauki, ya bi ƙwansu ya cinye. Kowane gari da yadda yake kawo ta, amma gundarinta ke nan.

Nakan tsaya in ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ajin da a wasu ranakun sai na yi ta bugun tebur kafin ya lafa, nan take yake amsawa da murya ɗaya, "Ta zo mu ji ta." Sai in ba yaro ɗaya ya kawo ta da Hausa cikin minti biyar, sauran suna gyara masa in ya tsallake wani wuri, kuma suna gyarawa ɗin, don yara ba sa yarda a yi wa tatsuniya ƙwange. Iyakar Hausar darasin ke nan. Daga nan in zana hoto huɗu a allo: hankaki da ɓaure a baki, Gizo sanye da gashi, Gizo shi kaɗai a kan itace, Gizo a gaban kada. In sake ba da labarin da Turanci, gajerun jimloli, ina nuna hoton, ina kwaikwayon muryoyi, har da tsamin bakin Gizo. Ba na fassara musu komai, ba kuma sa tambayata, domin wanda ya san Gizo gashi yake roƙo, ya ga na miƙa hannu na marairaice na ce "Please give me one feather," ya riga ya san abin da aka ce.

Sai yara goma su fito su zama hankaki, ɗaya ya zama Gizo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, kowa yana ba shi amsa. Jimla ɗaya ta fita sau goma ke nan, aji duka yana saurare don ya ga wane hankaka ne zai yi rowa. Maimaicin nan da muke sa yara su yi ta rerawa da ƙarfi ba su san me suke faɗa ba, ita tatsuniya da shi aka ƙera ta tun asali. Duk wanda Gizo ya tarar a hanya magana ɗaya yake yi masa, duk wanda 'yar bora ta gamu da shi tambaya ɗaya yake yi mata. Kakanninmu sun yi haka ne don labari ya zauna a kan ƙaramin yaro, mu ma abin da muke nema ke nan.

Ku kuma dubi aikatau ɗin da wannan labari ɗaya ya tara: gave, flew, saw, took, fell, ate. Su ne masu taurin kan nan da ba sa bin ƙa'idar shuɗaɗɗen lokaci, waɗanda muke jerawa a allo layi biyu mu ce a haddace, a haddace ranar Talata a manta ranar Alhamis. A nan kuwa kowanne yana da mazauninsa a cikin labari. Yaron da ya zube ƙasa da gangan yana cewa "I fell into the river," aji yana ta dariya, ya gama da wannan kalma har abada.

Mako na biyu nakan jefa musu tambaya: shin hankaki sun kyauta da suka bar shi a tsakiyar ruwa? Sharaɗin shi ne duk mai magana da Turanci zai yi ta, ko da guntu-guntu ne, ba kuma za a yi wa kowa dariya ba. Aji yakan rabu biyu. Wata rana wata yarinya da ke zama a can baya, wadda in ban da amsa suna ban taɓa jin Turanci daga bakinta ba, ta miƙe rai a ɓace ta ce, "They gave him. He did not give them." Jimla biyu, ba wanda ya rubuta mata, lokaci daidai, korewa daidai. Abin da ya fito da su daga bakinta shi ne Gizo ya ba ta haushi, tana da abin faɗa. A yawancin darussanmu muna matsa wa yara su yi magana, alhali ba mu ba su abin da zai taɓa musu rai har su so yin maganar ba.

Daga nan rubutu ya zo da sauƙi. Gizo ya rubuta wa hankaki wasiƙar ban haƙuri, ga wasiƙar zumunci an koya. Kadan da aka cinye wa ƙwai kuma ya rubuta wa sarkin dawa ƙara, ga wasiƙar hukuma da adireshi biyu da take. Su ne dai abubuwan da manhaja ta ce a koyar, su kuma za a tambaya a jarrabawa. Ko kacici-kacici yana da aikinsa: "Baba na ɗaka, gemu na waje" ya ishi malami koyar da inside da outside, yara kuma su yi ta ƙoƙarin mayar da nasu Turanci don su ƙure juna. Duk wannan ba ya buƙatar lantarki ko kwamfuta. Allo da alli ne, kuma yana tafiya ko a ajin da rabin yaran ke zaune a ƙasa.

Akwai gaskiyar da ba zan ɓoye muku ba. Ba kowane yaro ne a cikin birni ya san tatsuniya yanzu ba. Waya da talabijin sun cinye hirar dare a gidaje da yawa, za ka tarar da yaron da ya san sunan Gizo amma bai taɓa jin labari ɗaya nasa cikakke ba. Sai dai ko shi ɗin ya san ɓaure, ya san yunwa, ya san maroƙin da in ya samu yake mantawa da wanda ya ba shi. Duniyar labarin tasa ce. Kuma wannan giɓi shi ya haifar da aikin gidan da na fi ƙauna: ka je wurin kakarka ko innarka ko gwaggonka, ta ba ka tatsuniya ɗaya, gobe ka zo mana da ita, jibi ka rubuta mana jimla biyar a kanta da Turanci.

Wata uwa mai tuyar ƙosai ta taɓa tsayar da ni a hanya saboda wannan aiki. Ta ce, "Malama, tunda na sa yaran nan boko, ba a taɓa zuwa da aikin gida aka ce ni ce mai amsar ba. Kullum sai dai in ce su je maƙwabta." Ta ce daren nan har ƙannen suka kewaye ta, da ta gama ɗaya suka ce sai ta ƙara. Ranku ya daɗe, muna ta kira a taron iyaye da malamai cewa iyaye su sa hannu a karatun 'ya'yansu. Uwar da ba ta yi boko ba, da wane hannu za ta sa? Ga abin da take da shi fiye da ni mai takardar shaida. In makaranta ta nuna wa yaro cewa abin da ke bakin uwarsa ilimi ne har ana rubuta shi da Turanci a ba da maki, yadda yake kallon uwar ya canja, yadda uwar take kallon makaranta ma ya canja. Ina kyautata zaton irin wannan uwa ba za ta yi saurin cire 'yarta daga aji ta ɗora mata talla ba.

Sai wani abin da ya wajaba mu Hausawa mu faɗa da bakinmu. Jihar Bauchi ba tamu ba ce mu kaɗai. Garin nan da nake rubutu daga cikinsa ƙasar Gerawa ce. Ga Jarawa a Dass, ga Zaar da muke kira Sayawa a Tafawa Balewa da Bogoro, ga Warjawa, ga Fa'awa da Butawa a ƙasar Ningi, ga Kare-kare da Bolewa da Barebari, ga Fulani ko'ina. Da yawa daga ƙananan harsunan nan Hausa ce take cinye su a hankali, jikoki ba sa jin abin da kakanni ke faɗa. In muka cika littafi da Gizo kaɗai muka kai wa yaron Bogoro muka ce ga al'adarka, mun yi masa abin da muke kuka ana yi wa namu. Wani yaro Bafulatani da bai daɗe da zuwa daga ruga ba, wanda ba ya ko ɗaga kai a aji, ya taɓa ce mana a wajensu zomo ne mai wayon, kura ce kullum take shan wuya a hannunsa. Ranar shi ya zama malami. Muka raba allo biyu, nasu a dama namu a hagu, muka koyi jimlolin kwatanci: wa ya fi wayo, wa ya fi haɗama, wa ya fi sauri. Tun daga ranar yara suka daina kiransa da sunan tsokanar da suka laƙaba masa.

Yanzu ga abin da masu ja za su ce, kuma wasunsu suna da hujja.

Akwai iyayen da za su ce tatsuniya ƙarya ce, ba don ita suka kawo yaro ba, wasu ma su haɗa da addini. Ina girmama wannan damuwa. Amma tatsuniya ba ta taɓa cewa ita gaskiya ce ba. Da bakinta take rufewa da "Ƙurunƙus kan ɓera, ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya." Yaro ɗan shekara biyar ya san bambancinta da ƙissa. Shi ma labarin yarinyar bakin teku ai ƙagagge ne, ba wanda ya ce a cire shi. Yara da kansu sukan tuna mini cewa wai mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. Nakan ce musu manya sun faɗi haka ne don kada a bar aikin rana a zauna hira, a nan kuwa tatsuniyar ita ce aikin.

Inda nake tare da masu ja ɗari bisa ɗari shi ne zaɓe. Ba kowace tatsuniya ce ta dace da aji ba. Akwai masu batsa. Akwai masu yi wa makaho da kuturu da gurgu dariya. Akwai waɗanda suka mai da Bamaguje ko Bagwari ko Bafulatani abin ba'a, alhali jikokinsu suna zaune a benci ɗaya da namu. Akwai kuma masu nuna duk kishiyar uwa muguwa ce, ga shi yara da yawa a gidan kishiyoyi suke kwana, wata ma kishiyar ce take riƙon su da amana. Wannan aiki ne na zama a tace, malaman Turanci da na Hausa, malaman addinin Musulunci da na Kirista, da mata, don su ne masu abin. Roƙona ga masu tacewar kada su wanke labarin har ya salance. A bar wa Gizo haɗamarsa, a bar wa Kura wautarta, a bar Dodo ya ba da tsoro. Kada kuma a liƙa wa kowane labari wa'azi a gindi. Yara suna ganin abin da rowa ta jawo wa Gizo ba sai an rubuta musu da jan biro ba, kuma gardamar da suke yi a kai ita ce darasin.

Wasu kuma za su ce wannan tsare yaro ne a ƙauye, ana maganar intanet muna maganar Botorami. Su Turawan da me suke fara koya wa 'ya'yansu karatu? Da tatsuniyoyin kakanninsu. A Jamus wasu 'yan'uwa biyu da ake kira Grimm sun tattara nasu suka buga a 1812, har gobe ana karanta wa yara su. Makarantun kuɗi na garin nan suna sayen littafin Sindarela da tsada, ita kuwa 'yar bora ce ta ƙasar Turai, kishiyar uwa ta sa ta a gaba, ƙarshe ta auri ɗan sarki. Kuma wanda ya san nasa ya fi saurin gane na wani. Ibo suna da labarin kunkurun da tsuntsaye suka ara wa gashi ya je biki sama ya cinye abincin shi kaɗai, suka ƙwace gashinsu. Chinua Achebe ya sa shi a cikin littafinsa na Turanci na 1958 da duniya ta sani. Yaron da ya yi Gizo da hankaki a aji huɗu, ranar da ya haɗu da wannan kunkuru zai karanta shi kamar ya ga ɗan garinsu. Daga gida ake fara tafiya, sannan a kai bakin tekun.

Mu a Bauchi ma bai kamata a yi mana wannan gardama ba. Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda daɗin Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, malamin makaranta ne a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta, kuma littafin da ya rubuta a gasar rubuta labarai ta 1933 labari ne da Hausa, Shaihu Umar. Malam Sa'adu Zungur, ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar kwalejin Yaba a 1934, da waƙar Hausa ya girgiza Arewa. Zurfinsu a harshen gida bai rage musu komai a Turanci ba.

Haɗarin da ni nake tsoro daban ne, a cikinmu malamai yake. Malami ya ji an ce tatsuniya, ya shiga aji ya shafe minti talatin da biyar ana hira da Hausa, a tashi ba a koyi jimla ɗaya ta Turanci ba. Ko ya ɗauki labarin ya bi shi kalma da kalma, ya fito da wani Turanci da ba na kowa ba, yara su haddace shi a haka. Da yawa daga cikinmu namu Turancin ma yana buƙatar tallafi, faɗin haka ba cin fuska ba ne. Shi ya sa ban ce a bar kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Ana buƙatar rubutaccen labari da ƙwararru suka daidaita da matakin aji, da jagoran da zai nuna wa malami minti nawa na harshen gida, wace jimla za a maimaita, wace tambaya za a yi. Waƙar da ke cikin tatsuniya kuwa a bar ta da harshenta, a rera ta yadda take, don in aka fassara ta mutuwa take yi.

Ba daga sifili za a fara ba. Frank Edgar ya buga kundi uku na tatsuniyoyi da labaran Hausa tsakanin 1911 da 1913, Neil Skinner ya mai da su Turanci, kundin farko ya fito a 1969. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da littattafai shida na tatsuniyoyi da wasanni don 'yan makaranta. Sai dai Turancin Skinner na manazarta ne, ya fi ƙarfin ɗan aji huɗu, kuma akasarin abin da aka tattara ba daga ƙasar Bauchi ya fito ba. Namu, musamman na ƙananan harsuna, yana nan a bakin tsofaffin mata a Zungur da Miya da Lere da Udubo, kuma kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu.

A nan nake juyowa gare ku, shugabannin kwalejojin Azare da Kangere. Kowace shekara ɗalibanku na sashen Turanci da na Hausa suna rubuta kundin kammala karatu, da yawa a kan batutuwan da aka riga aka tauna. Waɗannan ɗalibai daga ƙananan hukumomi ashirin na jihar nan suke, kusan kowa da waya a hannu. Me zai hana aikin ya zama kowa ya koma garinsu ya naɗo tatsuniya biyu daga bakin tsohuwa, ya rubuta su da harshen da aka ba shi, ya mai da su Turanci mai sauƙi, sannan ya gwada su a aji lokacin koyarwar gwaji ya rubuto abin da ya gani? A nemi izinin mai labarin, a sa sunanta da garinta a littafin in ta yarda, a kuma ba ta hasafi, don kayanta ne aka ɗauka. Malamin da aka yaye ta wannan hanya ya iya aikin tun kafin a ɗauke shi.

Ku kuma Hukuma, abin da ke hannunku ya fi sauƙi. Takardar umarni guda da za ta ware darasi ɗaya a mako daga cikin na Turanci, daga aji huɗu na firamare zuwa aji ɗaya na ƙaramar sakandare, a kuma sanar da sufetoci don kada su rubuta malami a matsayin wanda ya kauce wa manhaja. A cikin takardar ku haɗa da hana cin tarar yara ko rubuta sunansu don sun yi harshen gida, al'adar da har yanzu tana nan a wasu makarantu. Ba ta taɓa sa yaro ya iya Turanci ba, shiru kawai take koya masa. Sai ƙananan littattafai masu arha, shafi goma sha shida ma ya isa, Turanci da hoto a gaba, asalin labarin da harshensa a can baya. In gidan rediyon jiha ya ba da kwata ɗaya a mako ana karanta su, yaran da littafin bai kai gare su ba ma sun samu.

Ban ce ku ɗauki maganata haka kawai ku baza ta a jiha duka ba. Ku zaɓi makarantu kaɗan a kudu da tsakiya da arewacin jihar, na birni da na ƙauye, ku ajiye wasu masu kama da su a gefe waɗanda za su ci gaba yadda suke. A auna karatun yaran da rubutunsu a farkon shekara, a sake aunawa a ƙarshe, a fito da sakamakon kowa ya gani. In bai ƙara komai ba, ku ajiye shi, ba wanda zai ga laifinku. In ya ƙara, sai a faɗaɗa.

Mu da muka riga muka fara, muna da darussan da muka rubuta da hannu a cikin littattafan shirin darasinmu, da rubutun yara kafin da bayan. In kuna so za mu kawo su ofis, ko ku turo jami'i ya zauna a bayan aji ya gani da idonsa. Muna roƙon a sa wannan batu a cikin bitar malamai ta hutun da ke tafe, don a samu fara gwajin da sabon zangon karatu.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Taku cikin girmamawa,
Malamar Turanci,
Bauchi.